KATIN MANYA NA JIRGIN SAMA: KA YI LISSAFI KAFIN KA SA HANNU

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da waɗanda dama sun fi son karatu.

Abin da ya jawo hirarmu ta yau saƙo ne da wani ɗan uwa ya turo min daga Ikara. Matashi ne, yana sarin kayan gyaran waya, kuma Allah ya buɗa masa har yana fita waje sau biyu a shekara. Ya ce a bankinsa an kira shi gefe, an ce masa: "Alhaji, irinku ai ba wannan katin ya kamata ku riƙa ɗauka ba, akwai na manya." Aka lissafa masa falon hutawa a filin jirgi, da maki da za su zama tikiti, da ƙarin kilo na kaya. Shi ne yake tambayata ko ya karɓa.

Da na karanta sai da na yi dariya, domin ni ma an taɓa kirana Alhaji a irin wannan ofishin, kuma na sa hannu. Zan ba ku labarin. Amma bari mu fara da gane mene ne katin.

Katin ATM da yawancinmu muke da shi, kuɗinka ne kake cira. In babu komai a asusun, mai POS zai miƙo maka abinka ya ce bai tafi ba. Shi kuwa katin bashi, kuɗin banki kake kashewa, ƙarshen wata a turo maka lissafi. In ka biya duka kafin ranar da aka yanka maka, shi ke nan. In ka bar saura, kuɗin ruwa ya fara hawa. To katin jirgi wani nau'i ne na katin bashi, wanda banki da kamfanin jirgi suke haɗa hannu su fitar. Duk abin da ka saya da shi, sai a zuba maka maki, waɗanda ake ce wa mil. Na manyan kuma yana da kuɗin shekara mai nauyi, ko ka yi tafiya ko ba ka yi ba, sai ka biya.

Abin ya samo asali ne daga Amurka. A 1981 kamfanin American Airlines ya fito da tsarin AAdvantage don ya riƙe fasinjojinsa, a 1987 kuma Citibank ya fara bayar da katin da ke tara waɗannan makin. Yau harkar ta zama wata irin babbar kasuwa. Kamfanin Delta kaɗai ya samu kusan dala biliyan 7 daga American Express a 2023. Lokacin korona, da jirage suka tsaya cik, United ta ci bashin dala biliyan 6.8, Delta ta ci na biliyan 9, kuma abin da suka ajiye jingina shi ne tsarin makin nan. Ku tsaya ku yi tunani. Makin da ake ce maka kyauta ne, shi masu bayar da bashi suka karɓa jingina na biliyoyin daloli.

To daga ina kuɗin ke fitowa? Hanya uku. Ta farko, la'ada. Duk sanda ka goga katin, mai shago ba ya karɓar kuɗinsa cif, ana yanke wani abu, a Amurka yakan kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Daga wannan la'adar banki yake sayen maki wurin kamfanin jirgi ya ba ka. Shi kuma mai shago ya riga ya ɗora la'adar a kan farashi. Ta biyu, kuɗin shekara. Ta uku, wadda ta fi kowacce tsoka, kuɗin ruwan waɗanda suka kasa biya a kan lokaci.

Ni yadda na fahimci mil, gyara ce. Ka je kasuwar Makarfi ranar Laraba ka sayi tumatir ko barkono, ka ce a yi maka gyara, a ƙara maka ɗan kaɗan. Gyara tana da daɗi, babu mai ƙinta. Amma ka taɓa ganin wanda ya biya kuɗin shiga kasuwa na shekara guda, ya kuma sayi kwando goma da ba ya buƙata, don kawai a yi masa gyara?

Yanzu bari mu yi adalci, mu faɗi amfanin katin, don yana da shi.

Akwai falon hutawa. Wanda ya taɓa jiran jirgi na awa takwas ko goma a ƙasar da bai san kowa ba ya san darajar kujera mai laushi, da abinci, da wurin cajin waya, da banɗaki mai tsafta da za ka yi alwala a natse. Akwai ƙarin kaya, wanda ga ɗan kasuwa kuɗi ne tsagwaronsu, domin kuɗin awon kaya kan cinye ribar tafiya. Akwai shiga jirgi da wuri. Wasu katunan suna da inshorar tafiya, in kayanka suka ɓata ko jirgi ya yi dogon jinkiri. Wasu suna ba ka tikitin abokin tafiya. Sannan akwai makin maraba, masu yawa, da ake zuba maka in ka kashe wani adadi a watannin farko.

Duk wannan gaskiya ne. Sai mu juya ɗaya gefen, mu ɗauko biro.

Katin Delta SkyMiles Reserve na Amurka, tun 2024 kuɗin shekararsa dala 650 ne. A ce dala tana naira 1,500, kun ga naira 975,000 ke nan duk shekara. A sayayyar yau da kullum yana ba ka mil 1 a kan kowace dala 1. Shi kuma mil ɗaya, in ka zo canza shi da tikiti, darajarsa tana yawo ne a kusa da santi 1. Wato kafin maki kaɗai su mayar maka da dala 650 ɗinka, sai ka kashe wajen dala 65,000 a shekara. A kuɗinmu, naira miliyan 97 da rabi. Ka ji fa.

To a ce don falo ka karɓa. Akwai tsarin Priority Pass da mutum zai yi rajista da kansa, ƙaramin matakinsa dala 99 a shekara, kowace shiga kuma dala 35. In muka ɗauki dala 35 ɗin nan a matsayin farashin shiga ɗaya, sai ka shiga falo kusan sau 19 kafin ka ci dala 650. Shi kuwa wancan katin, daga Fabrairun 2025 an taƙaita wa masu shi shiga falon Delta zuwa kwana 15 a shekara, sai fa wanda ya kashe maƙudan kuɗi da katin. Kun lura? Dokar a hannunsu take, suna canza ta duk sanda suka ga dama.

'Yan uwanmu da ke Ingila, masu karatu da masu aikin jinya, ku naku shi ne katin British Airways American Express Premium Plus. Fam 300 a shekara. Abin da ke jan mutane gare shi tikitin abokin tafiya ne, mutum ya ce zai zo gida Sallah da iyalinsa a kan makin mutum ɗaya. Amma kafin a ba ka, sai ka kashe fam 15,000 da katin cikin shekara. Kuma ko an ba ka, haraji da sauran caje-cajen tikitin da kuɗi za ka biya, na mutum biyun. Sannan sai in akwai kujerar maki a ranar da kake so, alhali lokacin hutun Disamba, da kowa ke rububin zuwa Najeriya, kujerun nan ba sa daɗewa. Wanda dama harkokinsa na cin fam 15,000 a shekara, ya ci riba. Wanda zai ƙara kashe-kashe don ya kai adadin, kallon kitse yake wa rogo.

Mu dawo gida. A Najeriya katin bashi bai yaɗu ba. Abin da bankunanmu suka fi tallatawa shi ne katunan manya irin su Visa Platinum, Visa Infinite da World Mastercard, a 2023 kuma Access Bank ya fara fitar da katin American Express a ƙasar nan. Wasu na bashi ne, wasu na cirar kuɗinka ne, da yawansu kuma da dala suke aiki. Nan ne namu lissafin ya bambanta da na Bature, domin mu da naira muke samu.

Ku tuna abin da ya faru. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a bayan fage kuma wajen 750. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ake binsa dala 2,000 a kati, yana lissafin naira miliyan 1 da rabi, ya wayi gari ana binsa miliyan 3, bai ƙara sayen ko allura ba. Ba a ma zo maganar kuɗin ruwa ba tukuna.

Shi kuɗin ruwan, a Amurka ma ya haura kashi 20 cikin 100 a kan katin bashi. A nan kuwa ma'aunin da Babban Bankin Najeriya yake kafawa ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankuna kuma sama da haka suke bayar da bashi. Bari in yi misali da kashi 24, don lissafin ya yi sauƙi. Ka sayi kayan dala 2,000 da kati, an ba ka mil 2,000, darajarsu wajen dala 20. Kaya ba su fita da wuri ba, ka bar bashin ya yi wata ɗaya. Kuɗin ruwan watan dala 40 ne. Wata ɗaya tak ya cinye gyarar taka har ninki biyu. In ya shekara, dala 480 ko fiye.

Kada kuma wani ya ce in ta yi zafi zai canza banki. Tun Agustan 2020 akwai dokar Babban Banki da ake kira GSI, wadda ta ba banki damar bin BVN ɗinka ya ciri bashinsa daga asusunka na wani bankin. Sunanka kuma ya shiga rajistar masu taurin bashi, ranar da kake neman jari na gaske a ce maka a'a.

Akwai kuma maganar da ba za mu tsallake ba, tunda yawancinmu musulmi ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar ko a yi amfani da katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mutum yana da niyyar biya kafin ruwan ya hau. Akwai malaman da suka yi sassauci ga mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya in babu katin. Ni ba malami ba ne. Ka ɗauki takardar sharuɗɗan ka kai wa malamin da ka yarda da shi, ka kuma tambayi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, TAJ da Lotus, abin da suke da shi.

To ga nawa labarin.

Shekarun baya na tafi Umara, muka yada zango a wani filin jirgi, jiran kusan awa tara. Ina zaune a kan jakata kusa da wurin caji, sai ga wani da muka taso tare daga Kano, ya zaro wani baƙin kati ya nuna, aka buɗe masa ƙofar gilashi ya shige. Da aka kira jirgi ya fito fes, har da ƙamshin turare, ni kuwa wuyana ya sage. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ina dawowa na nufi wani banki, aka ce min Alhaji, aka kawo min ruwan sanyi, na sa hannu a takardun da ban karanta rabinsu ba.

A shekarar nan gaba ɗaya, tafiyata ta jirgi ɗaya ce, Kano zuwa Legas. Sau ɗaya na shiga falo, na sha shayi da biskit. Da shekara ta zagayo aka sake cirar kuɗin katin, da dala, a sabon farashi. 'Yan makin da na tara ba su kai ko rabin tikiti ba. Ba wanda ya cuce ni fa, duk yana rubuce. Ni ne ban yi lissafi ba.

Na je gaida kawuna a wajen Hunkuyi, manomin rake ne, yana kuma yin mazarƙwaila. Ina ba shi labari ina ɗan kare kaina, sai ya ce: "Kai yaro, sau nawa ka ce ka hau jirgin?" Na ce sau ɗaya, Kawu. Ya ce: "Ka ga injin matse raken can? Sai da na yi shekaru ina kai rakena wurin masu inji ina biya, ban saya ba. Ranar da na ga kuɗin da nake biya a kaka ɗaya ya kusa kuɗin injin, ranar na saya. Kai ka sayi inji ba ka da gona." Ban ce komai ba. Washegari na je na rufe katin.

Wannan maganar ta Kawu ita ce ma'aunin gaba ɗaya. Kuɗin shekara ba ya motsi, amfanin ne yake hawa ko sauka gwargwadon yawan tafiyarka. Don haka ga tambayoyin da na tura wa ɗan uwanmu na Ikara, ku ma ku riƙe su.

Ta ɗaya: sau nawa ka hau jirgi a watanni 12 da suka wuce? Wanda ka hau nake nufi, ka bar wanda kake fatan hawa. Buɗe fasfo ka ƙirga hatimi.

Ta biyu: jirgin da katin yake wa aiki yana tashi daga inda kake tashi? Mu mutanen Ikara, Makarfi da Kudan, yawanci Tashar Yari muke fita, mu bi Kwanar Ɗangora mu shiga filin jirgin Malam Aminu Kano. Jiragen waje da muka saba gani a can su ne irin Ethiopian, EgyptAir, Saudia, da Qatar Airways da ta fara zuwa a Maris ɗin 2022. Makin jirgin da ba ya bin hanyarka ado ne kawai a waya. Kuma hanya kan rufe: Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗenta da suka maƙale, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024, alhali makinta na Skywards shekara 3 suke yi su mutu.

Ta uku: abubuwan da aka lissafa maka, wanne ne da ma za ka biya da kuɗinka ko babu katin? In da ma kana biyan kuɗin ƙarin kaya kowace tafiya, rubuta shi a gefen riba. In kuwa ba ka taɓa tunanin biyan kuɗin falo ba, kada ka rubuta masa cikakken farashi, ka rubuta kuɗin shayi da abincin da za ka saya a waje.

Ta huɗu: za ka iya biyan duka bashin kowane wata, har a watan da kasuwa ta yi sanyi, ko kaya suka maƙale a tashar ruwa? In amsar "wataƙila" ce, to a'a ce.

Ta biyar: da wane kuɗi ake cajin ka, naira ko dala, kuma da wane farashi? Nawa ne kuɗin cirar tsaba da katin? Galibi ruwan cirar tsaba daga ranar yake fara hawa, kuma ba ta kawo maki.

Ya dawo min da amsa. Tafiya biyu a shekara, kowacce da zango ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, wato shiga falo huɗu. A dala 35, dala 140 ke nan. Kayansa masu nauyi ta kago yake turowa, don haka ƙarin kilo bai dame shi ba. Masu sayar masa da kaya kuma ba sa karɓar kati, tura musu kuɗi ake yi, ke nan babu makin da zai tara. Da ya haɗa, amfanin bai kai kuɗin shekarar da aka faɗa masa ba. Shi da kansa ya ce: "Yaya, ashe sunan Alhajin zan saya."

Wa katin ya dace da shi? Wanda ke hawa jirgi kusan kowane wata, a kamfani ɗaya ko ƙawayensa, wanda yake samun kuɗinsa da dala ko fam, wanda harkarsa da ma ta kati take bi, kuma yake share bashinsa tas duk wata. Akwai irinsu a cikinmu, Allah ya ƙara musu. Ga irin wannan mutumin katin kan biya kansa har ya bar canji.

Sauranmu fa? Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: tara mil ba ya buƙatar katin bashi. Rajistar ShebaMiles ta Ethiopian kyauta ce, haka EgyptAir Plus, haka Alfursan ta Saudia, haka Privilege Club ta Qatar. Ka yi rajista a wayarka, ka ba ejan ɗinka lambar ya saka a tikiti duk sanda zai yanka maka. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna ƙawance ɗaya mai suna Star Alliance, don haka lamba ɗaya za ta iya tara maka makin tafiyarka a dukkansu, gwargwadon irin tikitin da ka yanka. Ranar da jira ya yi tsawo, filaye da yawa suna da falon da za ka biya a ƙofa ka shiga, sau ɗaya, ka huta, ba wanda zai biyo ka da lissafi baɗi. Su ma katunan naira, da bankuna suka rage wa kashewa a waje zuwa dala 20 a wata a 2022 kafin su rufe gaba ɗaya, wasu bankunan sun sake buɗe su tun Yulin 2025.

Masu cewa za su tara maki su kai Hajiya Makka, ku saurara. Kujerar Hajji ta hukuma, wadda a 2025 ta haura naira miliyan 8, ta hannun hukumar alhazai ta jiha ake biya, kuma NAHCON ce ke raba wa jihohi jiragen da za su ɗauke su. Makinka ba su da wurin shiga a nan. Abin da zai kai ta shi ne tari, kuma akwai asusun adashin gata na Hajji da NAHCON ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020. Kuɗin shekarar katin nan, in ka zuba shi can, ya fi kusantar da ita Arfa.

Kafin mu rufe, aikin gida. Duk mai riƙe da wani kati na musamman, ko na banki ko na wata manhaja, ya nemi bayanin asusunsa na shekara guda, ya haɗa duk abin da aka cire masa da sunan katin, ya kuma rubuta abin da ya amfana da shi a zahiri. Ku turo mana abin da kuka gani, ba sai kun faɗi sunan banki ba. Wanda kuma katin ya yi masa rana, shi ma muna son jin lissafinsa, don mu karanta a shiri na gaba.

Gaisuwa ga masu sauraronmu na Paki, Gubuci, Likoro da sauran garuruwa. Allah ya sa albarka a nema, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, wassalamu alaikum.